Yaƙi na ci, kiɗa na jan ƙafa: me Takemitsu ya gani a harin ganuwa na fim ɗin Ran?

Garzali: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu tsara kiɗa ce da masu haɗa sauti. A fim ɗin Ran na Akira Kurosawa, wanda ya fito a 1985, akwai inda rundunar Taro da ta Jiro suka far wa ganuwa ta uku, wurin da ubansu Hidetora ya fake. Kibau na zuba, wuta na cin hasumiya, dawakai na tattake mutane, amma kunne ba ya jin ko ɗaya. An kashe ƙarar yaƙin ɗungurungum, an bar kiɗan Toru Takemitsu shi kaɗai yana tafiya kamar rakiyar gawa, fiye da minti 5. Ni dai a ganina an yi asarar wurin. Nan ne ya kamata manyan gangunan Japan su tashi har ƙirji ya riƙa amsawa. Ko kuwa akwai abin da ban gano ba?

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam. Garzali, ajiye maganar daɗi tukuna, mu fara da yadda kunne yake. Idan sauti biyu suka zauna a gurbi ɗaya, mai ƙarfin ne ke danne marar ƙarfi, kunne ya ji ɗaya kawai. Ƙarar yaƙi kuwa ba ta barin gurbi. Kofato da rugujewar katako da rurin wuta suna can ƙasa, kamar daga hertz 40 zuwa 200 (hertz ma'aunin kaurin sauti ne ko sirantarsa), nan ne kuma gidan timfani, wato gangunan Turawa masu siffar tukunya, da manyan goge da babbar ganga. Ihun mayaƙa yana tsakiya, wajen 500 zuwa 2,000, daidai mazaunin ƙahoni da biyola da celo, yayyen gogen Turawa da ake kira bayolin. Karon takubba da fiton kibiya suna sama, daga 3,000 abin da ya yi gaba, inda bayolin da sarewa ke samun sheƙinsu. To ina kiɗa zai tsuguna?

Abin da ke faruwa a ɗakin haɗa sauti ke nan kullum: mai kiɗa ya kawo aikin makaɗa 90, mai ƙarar yaƙi ya kawo layuka ɗari da wani abu, a ɗora su tare, kowa ya ɓata. A ɗaga kiɗa, yaƙin ya zama na wasa. A ɗaga yaƙin, kiɗan ya koma kamar rediyon maƙwabci. Dole wani ya ja da baya. Kurosawa ya zaɓi yaƙin ya yi shiru gaba ɗaya, kuma ba a banza ba. Dubi inda ƙarar ta dawo: harbin bindiga ɗaya ne, wanda Kurogane, barden Jiro, ya sakar wa Taro ta baya. Kiɗan ya yanke nan take, duniya ta dawo da hayaniyarta. Da a ce an kwashe minti 5 ana luguden ganguna, wannan harbin zai shige ba wanda ya lura da shi, alhali shi ne ya juya labarin.

Garzali: Na ji ta harbin, Malam. Amma me ya hana a kashe ƙarar yaƙin, sannan kiɗan ya yi gudu? Ai an samu gurbin ke nan.

Hajiya Rabi: Ɗana, saboda ba jarumta ake nuna maka ba. 'Ya'ya ne ke ƙona ubansu. Kiɗa mai gudu yakan sa mai kallo ya zaɓi ɓangare, ya riƙa cewa a ci su, a kama su. A nan babu ɓangaren da za a zaɓa.

Kuma shi kansa Takemitsu ba wannan kiɗan ya fara nufa ba. Tunaninsa na farko muryoyin mutane ne zalla, kururuwa da nishi da aka tsara, ba kayan kiɗa. Kurosawa ya ƙi, ya ce shi irin na Gustav Mahler, wani mai tsara kiɗa na Turai, yake so, mai nauyi, mai jan rai. Ya kuma so a ɗauko makaɗan Landan, daga baya aka ƙare da ƙungiyar makaɗan Sapporo ƙarƙashin jagorancin Hiroyuki Iwaki. Ba su rabu da daɗin rai ba wajen haɗa sautin ma, domin Kurosawa ya so a ƙara wa ƙasan kiɗan nauyi fiye da yadda mai shi ya rubuta. Abin da ya fito, idan ka kasa kunne: masu tsirkiya suna riƙe dogon amo a ƙasa, waƙar makoki tana shawagi a bisansu, timfani na dukan da ba na tafiyar soja ba, na bugun zuciyar wanda ya sare ne. Sauran fim ɗin kuwa kusan babu kiɗa. Japanawa na da kalma, ma, wato sararin da ake bari tsakanin sauti da sauti, kuma Takemitsu ya ɗauke shi a matsayin kayan aiki kamar kowane goge. Wanda ya hana ka abu tsawon awa guda, ranar da ya ba ka sai ka ji shi har ƙashi.

Habu Damagaram: Bari in tsoma baki kan gangunan da Garzali ke nema. Wancan salon na mutum goma sha a jere suna dukan ganguna manya da ƙanana tare, ba na zamanin samurai, mayaƙan Japan na dā, ba ne. Daihachi Oguchi ne ya ƙirƙiro shi a 1951, kuma asalinsa makaɗin jaz ne, shi ya sa ya jera gangunan kamar yadda ake jera na jaz. Ƙungiyar Kodo ta tsibirin Sado, wadda ta buga a fim ɗin Hero na 2002 tare da kiɗan Tan Dun da bayolin ɗin Itzhak Perlman, a 1981 aka kafa ta. A filin daga na Japan a ƙarni na 16 ganga ta umarni ce, ita da ƙahon katantanwar teku da suke kira horagai. Ana buga ta a ce ku taru, ku matsa. A tsohuwar Sin ma ƙa'idar a bayyane take: ganga ta ce a ci gaba, ƙarfe ya ce a janye. Duk wanda ya san aikin tambari da kuge a fadojinmu zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba. Saboda haka idan mai tsara kiɗa ya cika kiɗansa da ganga, sannan ga gangar umarni a cikin hoton, mai kallo ba zai bambance wadda mayaƙa ke ji da wadda shi kaɗai ke ji ba. Kuskure ne da ake yawan yi.

Garzali: To Yaya Habu, ga fim ɗin Red Cliff na John Woo. Taro Iwashiro ya yi kiɗan, akwai ƙahoni, akwai ganguna, akwai gudu, kuma ya zauna daram. Me ya sa shi bai ɓata ba?

Injiniya Ladidi: Domin manufarsa daban ce, kuma an yi masa lissafi. Wancan labarin yaƙin shekara ta 208 ne a kogin Yangtze na ƙasar Sin, inda Sun Quan da Liu Bei suka haɗa kai suka ƙona jiragen Cao Cao. Akwai waɗanda ake so ka goyi bayansu, don haka kiɗan jarumta yana da gurbi. Amma ka lura da inda babbar waƙar ƙahonin ke fitowa: galibi lokacin da kyamara ta ja baya, ana nuna jerin jirage ko sahun runduna daga nesa, inda ƙarar kusa ba ta da yawa. Da an shiga gaba da gaba, takobi na cin takobi, sai kiɗan ya sauƙaƙa, ya koma bugu da gajerun amo masu maimaituwa. Karɓa-karɓa ake yi.

Ga yadda ake lissafin, ga masu son gwadawa. Fim na tafiya firam (hoto ɗai-ɗai) 24 a daƙiƙa, wato 1,440 a minti. Raba 1,440 da gudun kiɗan, wato yawan bugunsa a minti, ka sami yawan firam a kowane bugu. Gudun 120 firam 12 ne, gudun 90 firam 16, gudun 96 firam 15. A ce ruwan kibau zai sauka daƙiƙa 40 bayan shigar kiɗa: firam 960 ke nan. A gudun 96, 960 raba 15 ya ba ka bugu 64, gaɓa 16 masu bugu huɗu-huɗu, kibau su sauka daidai kan bugun farko na gaɓa ta 17. Daɗi ke nan.

Sai edita ya yanke firam 20 bayan an gama rubutu, abin da ba ya fashi. Yanzu 940 ne. Hanya biyu gare ka. Ko ka cire bugu ɗaya, ka mai da wata gaɓa mai uku, ka sami 945, wanda ya makara da firam 5, ido zai kama. Ko ka ɗaga gudun zuwa 98, bugu 64 ɗin su cika a kusan 940, ba wanda zai ji bambancin 96 da 98. Ta biyun ta fi. Ƙa'idar ita ce kiɗa ya iya makara da firam ɗaya ko biyu, amma kada ya riga hoto, domin a duniya ma ido ke fara gani kafin kunne ya ji. Dukan da ya riga kibiya sauka sai ya zama kamar mai ba da labari ya fasa ƙarshen tun kafin a kai.

Malam Sabi'u: Ƙari kan haka, Red Cliff kashi biyu ne a Asiya, 2008 da 2009, kusan awa 5 a haɗe. Wanda aka kai ƙasashen Turawa an matse shi zuwa kusan awa biyu da rabi. Irin wannan yankan shi ne dalilin da ya sa ba a miƙa kiɗa a dunƙule. Ana miƙa shi kashi-kashi: masu tsirkiya daban, na tagulla daban, na itace daban, ganguna manya, ganguna ƙanana, sai kayan gargajiya kowanne da layinsa. In an yanke hoto, editan kiɗa zai iya jan dogon amon masu tsirkiya ya rufe ɗinkin, ya cire ganga ɗaya, ba tare da an sake tara makaɗa ba.

Baba Ɗanjuma: Kun yi ta lissafi, ba ku taɓo inda aikin ya fi ba da wahala ba, wato haɗa kayan gargajiya da okestira, babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa, a murya ɗaya.

Okestira tana saita kanta a kan amon A, hertz 440 ko 442, kuma ta raba tsani kashi 12 daidai wa daida. Kayan Asiya da yawa ba a kan wannan aka ƙera su ba. Ɗauki nohkan, sarewar wasan gargajiyar Japan da ake kira Noh, irin sautin da ke tsaga kunne a Ran. A cikinta akwai wani ɗan bututu da aka cusa tsakanin bakin busa da ramin farko, da gangan, don in an ƙara iska kada ta hau daidai ninkin amon ƙasa. Ba a saita ta da kowa. Wanda ya rubuta mata waƙa ya ce bayolin 16 su bi ta amo da amo, zai ji kamar ana yanka akuya. Maganinta a ba ta fili ita kaɗai, ko a shimfiɗa mata amo ɗaya tak a can ƙasa. Takemitsu ya san wannan tun 1967, da ya rubuta November Steps wa biwa (garayar Japan) da shakuhachi (sarewar gora) da okestira: bai tilasta musu narkewa cikin juna ba, ya bar su suna fuskantar juna.

Shakuhachi da aka fi sani tsawonta kusan santimita 54 da rabi, ramuka 5, amonta na asali D, F, G, A, C. Sauran amo ana samunsu ne da rufe rabin rami da sunkuyar da haɓa, kuma suna fitowa a dushe, da iska a ciki. Wannan dushewar ita ake nema, amma in ka rubuta kiɗan a mazaunin da kusan kowane amo sai an sunkuya, mai busa zai gaji, saitin ya riƙa zamewa. Sai a nemi mai wani tsawon. Haka dizi, sarewar Sin: kowace da mazauninta, mai busa kan zo da jaka guda, kuma tana da ɗan tantanin kara da ake mannawa a rami ɗaya, shi ke ba ta zizar nan. Ɗakin da na'urar sanyaya iska ta busar, tantanin yakan ɗame ko ya saki, zizar ta canja tsakanin ɗauka ta farko da ta biyar.

Erhu tsirkiya biyu ce, D da A, bakan yana maƙale tsakaninsu, fuskarta fatar mesa. 'Yar uwar gogenmu ce a ƙira, sai dai namu tsirkiya ɗaya. Muryarta a gurbin bayolin take, kuma tana raguwa in an hau sama. Idan bayolin 30 na buga a wurin, ta nutse. A sauke su ƙasa da ita, ko a bar biyola da celo kaɗai su raka ta. Suona kuwa matsalarta akasin haka ce. Danginta ɗaya da algaita, kuma kun san algaita ba ta san a hankali ba. Guda ɗaya tana iya huda ƙahoni 8.

Habu Damagaram: Baba, tunda ka ambaci erhu: a fim ɗin shekara ta 208 ba ta da hurumin fitowa a hoto, domin kakanninta sai zamanin Tang suka bayyana, daga 618 zuwa 907. A kiɗan bayan fage ba laifi, ai bayolin ma ba ta nan a lokacin. Amma abin da ɗan wasa zai riƙe a hannu dole ya dace da zamaninsa. Shi ya sa guqin ce Zhou Yu da Zhuge Liang, masu tsara wa Sun Quan da Liu Bei dabarun yaƙi, suka buga wa juna a Red Cliff, abar kiɗa mai tsirkiya 7 da ake kwantarwa a kaɗa da yatsa, wadda ta girmi zamanin nasu nesa ba kusa ba.

Injiniya Ladidi: Guqin ɗin nan kuwa ba a ɗaukarta tare da kowa. Muryarta ta ɗaki ce, rabin daɗinta ma gogar yatsa ne a kan tsirkiya. Makirfo biyu, tazarar santimita 30 zuwa 50, a kashe duk abin da ke huci a ɗakin.

Babbar ganga ita ma daban, amma don dalilin da ya saɓa. Cikakkiyar okestira tana da masu tsirkiya kusan 60: bayolin na farko 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, manyan goge 8. Ana ɗaukar su da makirfo uku a bisa kan jagora, tsayin kusan mita 3, biyu a gefe tazarar mita 2, ɗaya a gaba. In ka sa odaiko, wato babbar gangar Japan, a ɗakin, duka ɗaya zai shiga kowane makirfo, ba kuma yadda za a rage shi daga baya ba tare da an rage bayolin ba. Sannan fatar odaiko da ƙusoshi aka kafe ta, ba a ɗaure ta ba a sassauta ta. Amon da ta zo da shi ke nan, sai abin da laima ta canja. Kafin a rubuta wa timfani komai, a auna amon gangar. In sun kusa amma ba su haɗu ba, ƙasan kiɗan zai riƙa rawa kamar injin da bai daidaita ba. Shime, ƙaramar da ake ɗaurewa da igiya, ita ce ake iya saitawa.

Wani abin kuma: sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa a kowace mita. Timfanin da ke mita 10 daga manyan makirfo zai iso su bayan kusan kashi 30 cikin dubu, alhali makirfon da ke bakinsa ya riga ya kama. In ba a jinkirta na kusan ba, duka ɗaya sai ya zama biyu manne da juna.

Garzali: Wannan ya amsa mini wani abu. Na lura a waya manyan gangunan fina-finan nan ɓacewa suke yi, sai ƙaf-ƙaf.

Injiniya Ladidi: Lasifikar waya ba ta fitar da abin kirki ƙasa da hertz 200. Kuma in mai haɗa sauti ya tura nauyin gangar duka zuwa layin rugugi na silima, wanda ke tsayawa a 120, layin nan galibi zubar da shi ake yi idan an matse sautin zuwa lasifika biyu. Shi ya sa ake ninka kowane dukan odaiko da shime ko ƙarar sanda a bakin ganga, don ko ƙasan ya tafi, bugun ya rage.

Malam Sabi'u: Sai batun dawakai, tunda fina-finan nan ba sa rabuwa da su. Sabon mai tsara kiɗa da ya ga sukuwa sai ya rubuta bugun da ke kwaikwayon kofato. Kofaton da ke cikin hoton kuwa yana da nasa gudun, kuma yana canjawa duk lokacin da aka yanka zuwa wani doki. Sai ka sami sukuwa biyu suna harɗe ƙafa. A bar wa kofato bugun, kiɗa ya riƙe dogayen amo a sama.

Wajen ɗauka kuma, zaman awa 3 in ya ba ka minti 10 zuwa 15 masu tsafta ka gode Allah. Kada a ajiye wuraren yaƙi zuwa ƙarshen yini. Leɓen masu ƙaho nama ne, bayan awa huɗu na busa da ƙarfi manyan amo sukan fara fashewa. A fara da matsakaici don ɗumama, a yi masu nauyi a tsakiya, a rufe da masu tsirkiya.

Hajiya Rabi: Kuma irin kiɗan harin ganuwar Ran ba a ɗaure shi da ƙas-ƙas ɗin da ake sa wa makaɗa a kunne. Wannan na wuraren gudu ne irin lissafin Ladidi. Kiɗa mai jan rai yana bukatar jagora ya ja nan, ya saki can. Tsohuwar dabarar ita ce jagora ya kalli hoton a allo, wani layi ya ratso daga hagu zuwa dama cikin daƙiƙa 2, in ya kai ƙarshe haske ya ƙifta, nan ne wurin da dole a haɗu. Tsakanin alama da alama yana da 'yancinsa. Sa wa makaɗa 60 ƙas-ƙas a gudun 50, za ka ji suna jiran bugu maimakon su ja baka, makokin ya zama na haya.

Garzali: Hajiya, na sauko daga maganar asara. Amma har yanzu ina ganin da an bar Takemitsu ya yi na muryoyin nan, da ya fi tsoratarwa.

Habu Damagaram: Wataƙila. Sai dai murya a kan hoton mutanen da bakinsu ke buɗe suna ihu, mai kallo zai ɗauka tasu ce, shirun da aka gina ya rushe. Goge ba ya kama da bakin kowa.

Baba Ɗanjuma: Ni ina bayan Garzali a nan, Habu. In an tsara muryoyin a dogon amo da ba ya bin motsin baki, ba mai ruɗewa. Garzali, in za ka koma ka saurara don ka bi amon da kayan kiɗa a hannu, duba irin kwafin da ke gare ka. Tsofaffin faifan DVD na tsarin Turai suna gudu a firam 25 maimakon 24, wato ƙarin kashi 4 cikin ɗari, kuma a yawancinsu kiɗan yakan hau sama da kusan kashi biyu cikin uku na rabin amo. Za ka yi ta neman mazaunin a kan fiyano ka rasa, ka ɗora wa Takemitsu laifin da ba nasa ba.